Kaza Ta Zubar Da Gashi, Mu Kuma Mun Goge Baki

 

Makon nan ba za mu taɓo ƙa'idojin rubutu ko tsadar buga littafi ba. Tsakar gida za mu leƙa, wajen akurki. Wanda ya ga kamar maganar kaji ta yi wa zauren marubuta ƙanƙanta, ya yi haƙuri ya bi mu zuwa ƙarshe, sannan ya yanke hukunci.

Da yawanmu mun tashi a gidan da ake kiwon kaji, mun san yadda abin yake faruwa. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, sai a wayi gari tsakar gida duk gashin kaza kamar an yi yanka da dare. A duba a ga uwar kajin nan da ta shekara tana ƙwai tana ƙyanƙyasa ta koma abin tausayi: wuya ya tsiraita, baya ya yi faci-faci, jela ta zube, zanko ya ƙanƙance ya koɗe. Ta daina ƙwai. Ta daina shiga cikin 'yan uwanta, sai dai ta raɓe a jikin bango inda rana ke bugawa. Daga nan hukunci ɗaya ne cikin uku: ko a ce ciwo ne a ɓare kafso a zuba mata a ruwa, ko a ba yaro ya kai ta kasuwa kafin ta mutu, ko a sa mata wuƙa. A gidanmu an yi duka ukun a shekaru daban-daban, kuma da hannunmu aka kai ɗaya kasuwa. Mai saye ya ɗaga ta ya jinjina, ya hura ɗan gashin da ya rage a ƙirjinta, ya taya abin da bai kai kuɗin sagara ba. Muka sallama, muka dawo gida muna murna wai mun tsira da wani abu.

Abin da muke so mu tsaya a kai yau shi ne, mafi yawan irin wannan kazar lafiyarta ƙalau. Sabon gashi take yi, kuma abin da take bukata daga gare mu shi ne ƙarin abinci mai gina jiki na 'yan makonni. Hana ta shi asara ce ga mai ita, kuma rashin adalci ne ga dabbar da aka ci moriyarta. Hausawa sun daɗe da yi wa kaza shaidar butulci, suka ce ci ki goge baki. A wannan gaɓar dai mu ne muka ci ƙwai muka goge baki.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a jikinta. Gashin tsuntsu ba ya dawwama. Yana tsufa, yana karyewa, rana da ƙura suna cinye shi. Saboda haka kusan sau ɗaya a shekara kaza takan zubar da tsoho ta fito da sabo. Babbar zubarwa ta farko takan zo ne idan ta kai kamar shekara ɗaya da rabi. Abin kuma yana da tsari: daga kai yake farawa, ya gangaro wuya, ƙirji da baya, sannan fukafukai da jela. Manyan gashin fiffike guda goma ne a kowane gefe, daga ciki suke faɗuwa zuwa waje. Wata kazar takan gama cikin mako 8, wata kuma sai ta kai mako 12 zuwa 16.

Shi gashin nan, kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari nasa furotin ne, wato sinadarin gina jiki, irin wanda ake kira keratin, wanda shi ne a farcenmu da sumarmu. Ƙwai madaidaici guda ɗaya kuma yana ɗauke da furotin kimanin giram 6. Jikin kaza ba zai iya ɗinka sabuwar sutura tun daga kai har jela kuma ya ci gaba da ba mu ƙwai a lokaci guda ba. Dole ya ajiye ɗaya, kuma ƙwan yake ajiyewa. Idan abincin da take samu bai kai ba, daga tsokarta za a ciro abin da za a gina gashin da shi. Abin da ya sa ke nan take ramewa har ƙashin ƙirjinta ya fito kamar wuƙa.

A ƙasashen Turai da Amurka ana danganta wannan zubar gashi da shigowar sanyi, don a can raguwar hasken rana ce ke tayar da ita. A Landan yini yakan haura awa 16 a watan Yuni, ya dawo ƙasa da awa 8 a Disamba. Mu a nan abin bai kai haka ba. A Kano bambancin da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Don haka kajinmu ba su da wata guda da duk suke zubar da gashi. Wata bayan ta tashi daga kwanci take yi, wata bayan ta sha yunwa ko ƙishirwa, wata bayan ta warke daga ciwo, wata kuma lokacinta ne kawai ya yi. Amma wadda nata ya faɗo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ita ce wahalar ta haɗe mata goma da ashirin, kuma ita muke magana a kai.

Dalili kuwa a fili yake. Da damina kaza ba ta jiran kowa. Ta fita ta tona ta samu tana da tsutsa, ta kama fara, ta ci shinge, ta tsinki ɗanyen haki. Wannan shi ne namanta. Da kaka kuma ga tsaba ko'ina, a masussuka da bakin rumbu. Amma da hunturu ya shigo ƙasa ta bushe ta ƙeƙashe, ƙwari sun yi ƙaranci, ciyawa ta zama ƙaiƙayi. Abin da ya rage mata shi ne tafin dawa ko masara da aka watsa da safe, sai dusa da ƙanzon tuwo. Masara furotin ɗinta kashi 8 zuwa 9 ne cikin ɗari, dawa da gero kashi 10 zuwa 12. Kazar da ke ƙwai tana bukatar kamar kashi 16, wadda ke sake gashi kuwa an fi so a kai mata 18 zuwa 20. Ke nan muna ba ta kusan rabin abin da take bukata, a daidai lokacin da ba ta da bargo, dare kuma yana sauka ƙasa da digiri 15 a yawancin garuruwanmu. Abin da ta ci ɗin ma wajen ɗumama jiki yake ƙarewa.

To me za a ba ta? Alhamdu lillahi ba sai an je kanti ba.

Na farko, tunkuza. Abin da ya rage bayan an matse man gyaɗa yana da furotin kashi 40 zuwa 45. Ga lissafi mai sauƙi: awo uku na ɓarzajjiyar dawa ko masara, awo ɗaya na busasshiyar tunkuza da aka daka. Wannan haɗin yana kaiwa kashi 17 zuwa 19, ya kusa abin da ake nema ke nan. A lura, tunkuza muka ce, wadda ba a sa wa gishiri da yaji ba. Ƙuli-ƙulin talla an yi shi ne don bakin mutum, gishirinsa yana iya yi wa kaza yawa, kaza kuwa ba ta jure gishiri.

Na biyu, waken suya. Yana da furotin wajen kashi 37, amma ɗanyensa yana ɗauke da wani sinadari da ke hana hanjin kaza narkar da furotin ɗin. Dole a soya shi a kasko har ya yi ƙamshi, ko a dafa a shanya, sannan a ɓarza. Awo biyu na hatsi, ɗaya na waken. Haka ma dusar awara da mata ke zubarwa bayan sun tace: ita ma ɗanya ce, a turara ta ko a dafa, a shanya ta bushe, a haɗa da dusa.

Na uku, ɓarɓashin busasshen kifi da kawunansa, irin wanda ke taruwa a ƙasan kwandon masu sayarwa. Furotin ɗin kifi ya fi na hatsi da na gyaɗa cika, ɗan kaɗan ya wadatar. Riɗi ma yana da kyau ƙwarai, don yana da irin sinadarin da gashi ya fi bukata, wanda gyaɗa da wake suke da ƙarancinsa. Busasshen ganyen zogale da aka murje shi ma a barbaɗa kaɗan.

Na huɗu, gara. Wannan tsohuwar dabara ce a ƙauyukan Afirka ta Yamma. A samu tsohuwar tukunyar ƙasa, a cusa mata busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta inda gara ke bi. Da sassafe a ɗaga a juye wa kaji. Ko kwabo ba a kashe ba. Sai dai a yi nesa da ɗaki da rumbu, kada garin neman gira a rasa ido.

Wanda yake da hali kuma, ya sayi abincin 'yan tsaki na buhu, wanda masu shago ke kira sitata. Yakan kai kashi 20 ko fiye. A gauraya da abin da ta saba ci, a riƙa ƙarawa a hankali cikin 'yan kwanaki, don canjin abinci farat ɗaya yana ɓata mata ciki.

Akwai kashedi guda da ba za mu wuce shi ba, shi ne fumfuna. Gyaɗa ko tunkuza ko masarar da ta yi fumfuna tana iya ɗaukar guba mai lalata hanta, wadda ake kira afalatoksin. A shekarar 1960 talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bincika aka tarar garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Burazil ne ya yi fumfuna. Daga wannan asarar ne duniya ta san gubar. Mu kuwa al'adarmu ita ce duk abin da ya lalace a ce a watsa wa kaji. Abin da ya yi fumfuna a binne shi. Kuma kada a ce tunda furotin yana da amfani bari a cika mata shi. Idan ya yi yawa kashinta zai tsinke, akurki ya yi zarni, ƙodarta ta wahala. Ƙarin na lokacin sake gashi ne. Da ta rufe jiki ta koma ƙwai, sai a rage, a ajiye mata dakakken ɓawon ƙwai a gefe saboda ƙwarin ɓawo.

Sauran kulawar ba ta cin kuɗi. Kada kaskon ruwa ya bushe, don iskar hunturu tana busar da kaza kamar yadda take fasa mana leɓe. A tare gefen akurkin da iska ke bugowa, wato arewa maso gabas, da zana ko buhu, amma a bar kafar shan iska. Kada a sa garwashi a rufe. A zuba toka da yashi a wani lungu ta yi birgima saboda ƙwarƙwata. A hana yara kama ta, domin sabon gashi yana fitowa ne kamar tsinke da jini a cikinsa, taɓa shi yana mata zafi, in ya karye kuma jini zai fito, sauran kaji su bi ta da sara. In zakara ya dame ta a raba su.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowace muhimmanci: yaya za a bambance sake gashi da ciwo? Domin hunturu shi ne kuma lokacin da annobar kaji ta fi tashi a arewa, musamman cutar Niyukasil, wadda ke share akurki cikin 'yan kwanaki. Kazar da ke sake gashi tana ci, tana sha, idonta garau, kuma in an duba inda ya tsiraita za a ga sabbin tsinkayen gashi suna hudowa. Mai cutar kuwa takan yi sanyi ta daina ci, ta riƙa buɗe baki tana neman numfashi, ta yi koren zawo, wani lokaci wuyanta ya murɗe, sannan ba ita kaɗai ba ce, yau ɗaya gobe uku. Wannan ba tunkuza ce maganinta ba, ba kuma kafso ba, don ƙwayar cutar ba irin wadda kafso ke kashewa ba ce. Rigakafi ne, kuma kafin ta shigo ake yin sa, a kan kaji masu lafiya. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa rigakafin, har da irin wanda ake ɗigawa a ido, mai ɗan jure zafi. A nemi malamin dabbobi. Idan kuma baya ne kawai ya tsiraita ba sabon gashi, a zargi zakara. Idan ana ganin ƙananan ƙwari a gindin gashi da ƙarƙashin fiffike, ƙwarƙwata ce.

Mun san abin da wasu za su ce, don an faɗa mana shi a gida. Mutum bai ƙoshi ba, a wannan tsadar, za a ɗauki waken suya a ba kaza? Magana ce mai nauyi, ba kuma za mu raina ta ba. In har zaɓin tsakanin cikin yaro ne da cikin kaza, babu muhawara. Amma a duba jerin da muka kawo: dusar awara, ɓarɓashin kifi, gara, yawancinsu ba abincin mutum ba ne, zubar da su ake yi. Wanda za a saya ɗin ma a yi masa lissafi. Kaza ba ta cin fiye da giram 100 da ɗoriya a yini, ta gida ma ba ta kai haka ba. Rubu'in wannan shi ne giram 25. A mako 8, kilo ɗaya da rabi bai cika ba. Kowa ya tambayi kuɗin kilo ɗaya da rabi na tunkuza a garinsu, ya kwatanta da kuɗin uwar kaza. Sannan a tuna mece ce ake ceto. Kazar gida takan yi ƙwai 40 zuwa 60 ne a shekara, amma darajarta a kwanci da reno take. Wadda ta saba, ta san shirwa, ta san yadda za ta rufe 'ya'yanta, ba a sayen irinta a kasuwa. Masu manyan gonaki ma sun san kazar da ta gama sake gashi takan dawo da ƙwai mafi girma da ɓawo mafi ƙwari, ko da yawansa bai kai na shekarar farko ba. In dole sai an sayar da wani abu, ga zakaru nan da suka yi yawa, Disamba kuma lokacin tsadarsu ne. Sayar da uwa a ranar da ta fi muni, a farashin da ya fi karyewa, shi ne mu ka yi a baya, kuma ba ciniki ba ne.

Wasu kuma za su ce kakanninmu ba su yi wannan ɗawainiyar ba, kajinsu kuma suka rayu. Gaskiya ne. Amma kazar kakarmu tana da juji, tana da turken awaki da garken shanu, tana da bayan gida har bakin gona. Tamu tana cikin gida mai katanga huɗu da daɓen siminti, an fesa maganin sauro a ciki, an fesa na ciyawa a waje. Mun rufe mata kasuwarta, don haka ciyar da ita ya dawo wuyanmu. Addininmu ma bai bar wanda ya tsare dabba ya hana ta abinci ba tare da tambaya ba.

To ina ruwan marubuci da duk wannan? Ruwansa biyu ne.

Na ɗaya, masu kajin nan iyayenmu mata ne da yayyenmu da ƙannenmu. Kaza ita ce asusunsu: kuɗin magani, kuɗin makaranta, gudummawar biki, saukar baƙo. Bayanin da zai hana su wannan asarar yana nan jibge da Turanci, kuma yawancinsa an rubuta shi ne don mai kaji a ƙasar ƙanƙara, yana ba da shawarar abubuwan da ba a sayarwa a kasuwar garinmu. Wanda ya kwafo shi ya fassara kalma da kalma bai taimaki kowa ba. Ana bukatar wanda ya karanta ya gane, ya kuma san tunkuza da dusar awara, ya zauna ya rubuta shi da Hausar da inna za ta saurara a karanta mata ta ce haka ne. Mu ne waɗannan mutanen. Wannan kuma ba sabon aiki ba ne a rubutun Hausa. Tun da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da ƙananan littattafan yaƙi da jahilci da hukumar NORLA ta buga a Zariya a shekarun 1950, ilmantarwa kan lafiya da noma da kiwo tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da ƙagaggun labarai. Mu ne muka taƙaita alƙalaminmu ga soyayya da kishi, muka bar sauran fili ba kowa.

Na biyu, ko mai rubuta labari yana bukatar ido. Sau nawa muka karanta an ce gidan su yarinya na talakawa ne, sai a lissafa mana tsohuwar tabarma da fitilar ƙwai a wuce? Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli figaggiyar kaza tana rawar sanyi a jikin bango, uwar gida kuma tana kallonta tana lissafin ko ta sayar ko ta jira, ya san talauci da fargaba fiye da wanda ya haddace siffofi goma. Mun iya jero karin magana a kan kaza, amma da yawanmu ba mu taɓa kirga gashin fiffikenta ba.

Ga aikinmu na wannan mako. Kowa ya je wajen akurkin gidansu ko na maƙwabta, ya duba ko akwai mai sake gashi. Ya tambayi tsohuwar gidan me suke kiran wannan yanayi, da abin da suke ba kaza idan ta shige shi. Muna so mu ji na Sakkwato da Katsina, na Zazzau da Bauchi, na Damagaram da Maraɗi, don kalmar da muka rasa a littafi sau da yawa tana bakin kaka. A kawo mana amsar a nan ƙasa, da sunan garin. Wanda kuma yake ganin mun yi kuskure a lissafi ko a ra'ayi, musamman masu kiwo da malaman dabbobi da ke cikinmu, bismillah, ƙofa a buɗe take.

Kafin nan, in akwai figaggiya a gidanku, a ce wa yaro ya dakata da kai ta kasuwa. A ba ta mako takwas.

Allah ya sa albarka a kiwonmu da alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.